Takardar wakilci ba takardar gado ba ce

Da zarar tsufa ya kama mahaifi, hannu ya fara rawa har sa hannunsa ya daina kama da wanda banki ya sani, sai maganar takardar wakilci ta taso. Daga nan sai ƙananan maganganu. Wannan ya ce duk wanda aka rubuta wa takardar ya cinye dukiyar ke nan. Wancan ya ce ai babban ɗa ba ya bukatar wata takarda. Shi kuma tsohon ya noƙe, don an tsorata shi cewa daga ranar da ya sa hannu ba shi da ta cewa a kan kuɗinsa. Babu ko ɗaya da doka ta faɗa a cikin ukun nan.

Aikin takardar ba shi da wuyar fahimta. Mai dukiya ne, yana cikin hankalinsa, yake ba wani izinin yin wasu abubuwa da sunansa, kamar cire kuɗi, biyan asibiti ko karɓar haya. Dukiyar tana nan tasa. Yana iya ci gaba da taɓa kuɗinsa, yana iya soke izinin ranar da ya ga dama, muddin hankalinsa na tare da shi. Wakili kuwa ɗa ne ko 'ya ko mata ko wani amintacce, in dai baligi ne mai hankali. Zama ɗan fari ba ya buɗe maka asusun kowa, haka ma riƙe katin cire kuɗin Baba da lambar sirrinsa ba wakilci ba ne a idon banki.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne nan. A tsohuwar ƙa'idar da ƙasashe da dama suka gada daga dokar Ingila, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa ne da zarar mai dukiya ya rasa hankalinsa. Hujjar ita ce wakili hannu ne kawai, ba zai yi abin da mai hannun ba zai iya yi da kansa ba. Wato ranar da gigin tsufa ya yi tsanani, ranar da aka fi bukatar takardar, ranar ce ta zama takardar banza.

Wannan giɓin ne ya sa aka ƙirƙiro wakilci mai ɗorewa, wanda ba ya faɗuwa ko mai dukiya ya rasa hankalinsa. A Ingila da Wales, dokar 2005 kan masu raunin hankali ta kawo tsarinsa na yanzu, ya fara aiki a Oktoban 2007, kuma ba a amfani da shi sai an yi masa rajista a ofishin gwamnati da ke sa ido kan wakilai. Jihohin Amurka ma suna da irinsa, sai dai can hukumar fanshon tarayya ba ta karɓar takardar wakilci, ita ke naɗa wanda zai riƙa karɓa wa tsoho kuɗinsa. Sharaɗin dai ɗaya ne ko'ina: a rubuta tun tsohon yana gane abin da yake sa wa hannu. Idan an makara, sai kotu, mai cin lokaci da kuɗi. Kama hannun wanda ba ya gane 'ya'yansa a dangwala masa a takarda ba gyara ba ne, ƙarin matsala ce.

Kada kuma a yi gaggawar cewa Baba ya ruɗe don kawai ya yi kyautar da ba ta yi wa 'ya'ya daɗi ba. Waccan dokar ta 2005 ta faɗa ƙarara cewa yanke shawarar da ba ta da kyau ba hujjar rashin hankali ba ce.

Sai hukunci, wanda shi ya fi razana mutane. Ba a ɗaure wakili don lissafi ya kuɓuce masa. Abin da ake kamawa shi ne cin amana: haɗa kuɗin tsoho da naka, "aron" da ba ranar biya, sayar wa kanka gidansa da araha. Cewa "ai ni zan gada" ba kariya ba ce, domin mai rai ba a gadonsa. A Ingila, dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10 ga wanda ya yi amfani da matsayin amana ya cuci wanda ya amince masa. Ko kyauta ma, wakili a can ba ya wuce ɗan abin da aka saba bayarwa a lokacin biki sai da izinin kotu.

A nan ne nake ganin dokar ta ɗan yi nauyi a gefe guda. 'Yar da ta ajiye aikinta, take kwana a kujerar asibiti, ita ce za ta riƙa cusa rasit ɗin magani a jaka da tsakar dare, ta dawo ta rubuta kwanan wata da adadi a littafi. Ɗan'uwanta da ke nesa, wanda sai waya, shi ne mai tambayar ina kuɗi suka shiga. Tana iya cire abin da ta kashe daga aljihunta, amma ladan wahala, a tsarin Ingila, sai in tsohon ya rubuta shi a takardar tun farko. Duk da haka, littafin nan shi zai tsaya mata ranar da aka zauna lissafi.

Ranar da mai dukiya ya cika, wakilci ya ƙare nan take, mai ɗorewa ne ko na yau da kullum, kuma malaman fiƙihu ma sun lissafa mutuwa cikin abubuwan da ke warware wakilci. Daga wannan lokacin kuɗin sun koma cikin abin da mamaci ya bari, a fitar da bashi da wasiyya, saura na magada. Katin cire kuɗin da ke hannun wakili a ajiye shi, a sanar da banki. Idan wata hidima ta taso kafin a kammala takardun gado, wanda ya biya daga aljihunsa ya riƙe rasit, ya gabatar da shi lokacin rabo.