Ina Za a Ajiye Ragowar Makamashin Nukiliya? Amsa ga Masu Tare Ni a Madina

Tun da aka fara maganar cewa Ghana za ta gina tashar lantarki ta nukiliya ban ƙara shan kokon safe cikin natsuwa ba. Da yake na daɗe ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma gidana a Madina ta Accra yake, ba nisa da Kwabenya, inda Hukumar Makamashin Atam ta Ghana take, 'yan uwa sun mayar da ni wurin sauke tambaya, ko a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ko a cikin trotro, ko ta WhatsApp da tsakar dare. Tambayoyin ba sa canzawa, ni ne dai muryata ke dishewa. Na rubuta amsoshin sau ɗaya, wanda ya sake tare ni zan miƙa masa wannan.

Malam, shin Ghana tana da tashar nukiliya yanzu?

Ba ta da ita. Abin da ke Kwabenya ƙaramar tukunyar bincike ce (tukunya ita ce na'urar da makamashin nukiliya ke aiki a cikinta) ƙirar Sin, mai suna GHARR-1, wadda aka kunna a 1994, ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, kuma ko ƙwan lantarki ɗaya ba ta haskawa a gidan kowa. Tashar da ake shiri tana kan takarda tukuna, an dai ware Nsuban a Yankin Yamma a matsayin wurin da aka fi so, da Obotan a Yankin Tsakiya a matsayin na ko-ta-kwana.

To fashewar da aka yi a Atomic Junction fa?

Iskar gas ce ta girki ta fashe a wani gidan mai a watan Oktoba na 2017. Sunan mahaɗar ne kawai ya haɗa ta da nukiliya. Don Allah a daina yi mini wannan tambaya.

Mene ne ainihin abin da ake cewa za a ajiye?

Makamashin tukunya ba ruwa ba ne, ba kuma hayaƙi ba ne. Ƙwayoyi ne na yuraniyom masu tauri kamar tangaran, kowace ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, ana jera su cikin siraran bututun ƙarfe masu tsawon kusan mita 4, sannan a ɗaure bututun dami-dami. Duk bayan wata 18 zuwa 24 ana tsayar da tukunya a cire kimanin kashi ɗaya cikin uku na damman, a sa sababbi. Waɗanda aka cire su ne ragowar makamashi. A ido ba su da bambanci da yadda suka shiga, amma suna fitar da zafi da kansu, kuma tiririn nukiliyar da ke tashi daga sabon cirarren dami zai halaka mutumin da ya tsaya kusa da shi babu kariya cikin mintoci. Wani ɓangare na dafin, irin su siziyom da sitirontiyom, yana raguwa da rabi duk bayan shekara 30 ko kusa da haka, amma fulutoniyom 239 sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya tafi.

Zai iya tashi kamar bam?

Ba zai iya ba. Haɗarinsa zafi ne da tiriri, kuma su biyun an san maganinsu: ruwa, ƙarfe da kankare.

Me ake nufi da ajiyar wucin gadi?

Zango biyu ne. Da farko ana nutsa damman cikin tafkin kankare mai zurfin kusan mita 12 a jikin tashar, inda ruwa ke ɗauke zafin yana kuma tare tiririn, har ma'aikaci ya iya tsayawa a bakin tafkin yana hango su a ƙasa. Wannan tafki yana buƙatar famfo da lantarki ba dare ba rana, kuma duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, ya san nauyin wannan magana, shi ya sa doka ke tilasta janareto na ko-ta-kwana fiye da ɗaya. Bayan shekara biyar ko fiye, idan damman sun huce, ana iya mayar da su busassun ganguna na ƙarfe da kankare, kowace tsayinta kusan mita 6, nauyinta ya haura tan 100, iska ce kawai ke sanyaya ta. An fara ba da lasisin irin wannan ajiya a Amurka a 1986, a tashar Surry. A haɗarin Fukushima ta Japan, a 2011, tafkin tukunya ta huɗu mai ɗauke da dami 1,535 ne ya hana duniya barci, su kuwa gangunan da ruwan teku ya malale sun tsira da abin da ke cikinsu.

Ana ce masa wucin gadi ne saboda makomarsa ta ƙarshe rami ne mai zurfi a cikin dutse. Finland ce ta fi kowa nisa a wannan, da raminta na Onkalo mai zurfin fiye da mita 400. Sauran ƙasashen duniya suna jira ne, wasunsu fiye da shekara 50.

Wane ne zai sa ido a nan Ghana?

Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda Doka mai lamba 895 ta 2015 ta kafa. Kafin nan aikin sa ido yana ƙarƙashin Hukumar Makamashin Atam ta Kwabenya ne, wato mai tukunya shi ne alƙalin kansa, kuma raba su da aka yi daidai ne. Kamfanin Nuclear Power Ghana shi ne zai mallaki tashar, saboda haka shi zai nemi lasisi, ba shi zai bayar ba. Hajiya, a kwantar da hankali, babu wanda zai jibge ganga a bayan kasuwar Madina.

Alhaji ya tambaya: to wane girma ya kamata a ba wurin ajiyar, kuma wa zai ce ya isa haka?

Ga tambayar da ta cancanci a zauna, kuma a nan ba ni da amsa mai gefe ɗaya.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Tukunya mai ƙarfin megawat 1,000, wato kusan abin da madatsar Akosombo ke iya bayarwa, tana fitar da kimanin tan 20 na ragowar makamashi a shekara. Idan ta yi shekara 60 tana aiki, an tara kusan tan 1,200, wanda zai cika ganguna wajen 100, kuma filin da za su ci bai fi filin ƙwallo ɗaya ko biyu ba. Ashe matsalar ba ƙarancin fili ba ce. Matsalar ita ce lambar da za a rubuta a lasisi, domin wannan lamba ce ke hukunta ko tashar za ta ci gaba da aiki, kuma ita ce ke hukunta ko baƙon, wato ragowar makamashin, zai tafi wata rana ko ya zama ɗan gida.

Idan aka matsa lambar, ana iya wayar gari tukunya lafiyarta ƙalau amma babu inda za a sauke mata kaya. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce a bar gurbi a tafki wanda zai ɗauki dukkan damman da ke cikin tukunya a lokaci ɗaya idan gyaran gaggawa ya taso, kamar yadda mai shago ba ya cika sito har ƙofa ta ƙi rufuwa. A Taiwan, tukunya ta farko ta tashar Kuosheng ta tsaya a watan Yuli na 2021, watanni kafin lasisinta ya ƙare, saboda tafkinta ya cika kuma ba a samu izinin wurin ganguna ba. A Suwidin, babban tafkin ajiya na ƙarƙashin ƙasa da ke Oskarshamn, wanda ake kira Clab, lasisinsa tan 8,000 ne, kuma sai da kamfanonin lantarki suka yi gargaɗin cewa za su fara kashe tukwane kafin gwamnati ta ɗaga shi zuwa tan 11,000 a watan Agusta na 2021. Ƙasar da ta dogara da tasha ɗaya tak, kamar yadda za mu kasance, ba ta da sararin irin wannan wasa.

Idan kuma aka sake lambar, an cire wa gwamnati ƙaya daga ƙafa, ba za ta ƙara tuna maganar rami na dindindin ba. Amurka ce darasi. Dokarta ta ce gwamnati za ta fara kwashe ragowar makamashi daga tashoshi a watan Janairu na 1998, an zaɓi dutsen Yucca don haƙa ramin tun 1987, siyasa ta kashe aikin, kuma yau wajen tan 90,000 suna zaune a tashoshi, har da waɗanda aka rushe tukwanensu aka bar ganguna da masu gadi kawai. Gwamnatin ta biya kamfanoni diyyar da ta haura dala biliyan 10 saboda saɓa alkawari. A Jamus an ba wuraren ajiya lasisin shekara 40, na Gorleben zai ƙare a 2034, alhali ko wurin haƙa rami ba a zaɓa ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon in bai ga an nuna masa ƙofa ba, shimfiɗa yake ƙarawa.

Koriya ta Kudu ta bi wata hanya a dokar da ta zartar a 2025: wurin ajiya na cikin tasha ba zai wuce abin da tukunya za ta fitar a tsawon rayuwar da aka ƙera ta a kai ba, kuma an sa wa gwamnati wa'adin 2050 na babban wurin ajiya da 2060 na rami. Ni wannan tsari ya fi kwanta mini, amma ba zan ɓoye aibinsa ba. Tukwane da yawa ana ƙara musu shekaru bayan wa'adinsu na farko, saboda wutar tsohuwar tukunya ta fi araha, kuma irin wannan iyaka na iya hana ƙarin ko da tukunyar ta cancanta. Masu tashoshin Koriya sun koka da hakan, kuma kukansu ba na banza ba ne. Sannan wa'adin da aka rubuta a doka majalisa ce ta rubuta shi, wata majalisar kuma tana iya gogewa.

Abin da nake gani, kuma ra'ayina ne, shi ne lasisin farko ya faɗi abu huɗu da lamba: yawan tan, yawan shekaru, cewa kayan wannan tasha kaɗai za a ajiye, da sharaɗin da za a cika kafin a ƙara ko da ganga ɗaya. A ba da izinin daki-daki, kowane mataki a ɗaure shi da ci gaban da aka nuna a neman mafita ta dindindin, amma a yanke hukuncin kowane mataki aƙalla shekara goma kafin tafki ya cika, domin ƙera ganguna da zuba kankare da sauraron ƙorafin jama'a ba aikin wata shida ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai wanda zai ce wannan zai ba 'yan siyasa damar riƙe wuyan tashar duk bayan shekara goma, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Lambar kanta ma za ta dogara da irin tukunyar da aka saya, domin ƙananan tukwane irin na kamfanin NuScale na Amurka, waɗanda aka sa hannu kan yarjejeniyar kawo su Ghana a Nairobi a 2024, lissafin dammansu ya bambanta da na babbar tukunya guda.

Me ya sa ba za a mayar wa wanda ya sayar mana kayansa ba?

Wannan ta fi yawancin tambayoyinku ma'ana. An taɓa yi: a 2017 an mayar wa Sin tsohon makamashin tukunyar Kwabenya, kamar yadda aka yi da na Zariya a 2018. Amma wancan kimanin kilo 1 ne, mu kuwa maganar tan 1,200 muke yi. Rasha ta amince ta karɓi na Iran da na Bangladesh, sauran masu sayarwa ba su saba karɓa ba, kuma ko an karɓa sai damman sun yi shekaru suna hucewa a tafkinmu kafin su hau jirgi. In ba a rubuta shi a kwantiragi kafin a sa hannu ba, babu shi.

Ba za a mayar da mu juji a kawo mana na Turawa ba?

Wanda ya ga tulin tsofaffin kwamfutoci da firiji da aka yi shekaru ana ƙonawa a Agbogbloshie yana da haƙƙin yin wannan tambaya, ba zan yi masa faɗa ba. Amma ganga mai tan 100 ba ta shigowa Tema a ɓoye cikin kwantenar gwanjo, kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana ƙirga kowane dami, tana sa masa hatimi da kyamara. Wannan ne dalilin sharaɗi na uku da na ambata a sama. Jamus ta rubuta shi a lasisin wuraren ajiyar da ke jikin tashoshinta.

Wa zai biya?

Kai, da ni, ta kuɗin wuta. Hanyar da aka saba ita ce a cire ɗan abu daga kowane yunit a tara a asusu na daban tun ranar da aka kunna tukunya. Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne kada asusun ya zama aljihun da baitulmali ke laluba duk shekarar da kasafi ya gaza.

Girgizar ƙasa fa?

Accra ta girgiza a 1939 har aka rasa rayuka, kuma mutanen Weija har gobe suna jin ƙasa na motsi lokaci zuwa lokaci, saboda haka binciken ƙasa yana cikin abin da ake yi kafin a amince da wuri. Gangunan masu nauyi ne da faɗin gindi, an ƙera su don irin wannan. Ni abin da ya fi damuna gishiri ne. Je ka Chorkor ko Jamestown ka dubi kwanon rufi da ƙarfen taga bayan damina biyar, za ka ga yadda iskar teku ke cin ƙarfe a hankali. Gishirin nan yana iya tsaga ko da ƙarfen da ba ya tsatsa idan an daɗe, musamman a wurin walda, kuma tashar da ke gaɓar teku za ta ajiye gangunanta cikin wannan iska shekaru da dama. Afirka ta Kudu, wadda tasharta ta Koeberg ke bakin teku kusa da Cape Town tun 1984, ita ma ta koma ga ganguna da tafkunanta suka cika. Lasisi ya faɗi sau nawa za a leƙa jikin kowace ganga, da wace na'ura, da kuma inda za a sauya wa damman mazubi idan an ga tsaga bayan an rufe tashar an zubar da ruwan tafkin.

Malam, to yaushe za a fara ginin?

Wannan a tambayi masu kuɗin.