Yaron da ba shi da bindiga ba shi da kujera, da me zai tunkari mugu?

Waɗannan tambayoyi daga bakin ɗalibaina na makarantar dare a nan Marwa, a arewacin Kamaru, suka fito. Yawancinsu 'yan shekara 15 zuwa 20 ne: masu tura baro a kasuwa, masu sayar da fetur a kwalba, 'yan mata masu talla.

Malam, mu da ko a gida ba a jin ta bakinmu, me za mu iya yi wa mugu?

Da ɗan gari akan ci gari. Tun 2014 da Boko Haram ta matsa wa yankinmu na Arewa Mai Nisa, daga Kolofata da Amchide har Fotokol, ba ta taɓa yin aiki da hannun manyanta kaɗai ba. Bama-baman da suka tashi a Marwa cikin Yulin 2015 a jikin 'yan mata ƙanana aka ɗaura su, masu shiryawa suna can a ɓoye. Mugu yana buƙatar mai kai masa fetur, mai sayo masa katin waya, mai nuna masa gidan da aka sayar da shanu jiya. Duk aikin yara ne. Ashe kuwa akwai abin da ke hannunku wanda yake nema ruwa a jallo, kuma kuna iya hana shi.

To ai ba ya zuwa ya ce shi mugu ne. Yaya za mu gane shi?

Da kyauta yake fara sallama. Yau kuɗin shayi, gobe waya, jibi maganar babur ko jari, wani ma har sadaki ake yi masa alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ka tambayi kanka: mutumin nan da bai san sunan mahaifiyata ba, me ya gani a jikina?

Wani ɗalibina ya ba ni labari. Yana tasha, wani mutum mai tsabtar kaya ya miƙo masa ƙullin buhu da kuɗin da ya fi cinikinsa na mako, ya ce ya kai wa wani a Mora. Yaron ya ce gwiwoyinsa rawa suke yi, bakinsa ya bushe, amma ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, Baba ya hana ni ɗaukar saƙon da ban ga cikinsa ba." Mutumin ya zage shi, ya ja buhunsa ya yi gaba. Wataƙila busasshen kifi ne kawai a ciki. Ko da shi ne, yaron bai yi asarar komai ba sai kuɗin da ba guminsa ba.

Idan kawuna ne ko malamina ya sa ni fa? Ba rashin kunya ba ne in ƙi?

Babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci, wannan ka'ida ce da malamai ba su saɓa a kanta ba. Kana iya durƙusawa har ƙasa, ka ce "Kawu, ka gafarce ni, wannan kam ba zan iya ba." Ladabinka yana nan, aikin bai yiwu ba. Annabi Yusufu yana saurayi, a gidan da aka sayo shi, ya zaɓi kurkuku a kan abin da aka kira shi gare shi.

Jarumta ke nan mu fito mu fuskance su?

A'a, wannan ganganci ne. Samarin da Suratul Kahfi ta yaba da imaninsu ba su ɗauki takobi ba, kogo suka gudu da addininsu. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya jera matakai: wanda ya ga abin ƙi ya gyara da hannu, in bai iya ba da harshe, in bai iya ba da zuciya. Manya majiya ƙarfi na kwamitocin sintiri sun rasa rayukansu a kan iyaka, balle ɗan shekara 15 da gora. Naka shi ne harshe, shi ma a inda ya dace: mahaifiya, liman, jauro ko bulama, su su san yadda za su kai maganar gaba. Ban da Facebook, ban da majalisar mai shayi. Ku kuma ji tsoron Allah kada ku laƙa wa mutum sunan ɗan Boko Haram don kun yi faɗa a kan budurwa ko bashi. An raba mutane da gidajensu a kan ƙazafi irin wannan.

Akwai marar ƙarfin da ya taɓa kayar da mai ƙarfi da gaske, ba a tatsuniya ba?

Ku tsallaka gadar Kusuri ku tambayi dattawan Njamena. Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, 'yan sandansa na asiri da ake kira DDS suka cika gidajen yari, kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta an kashe mutum 40,000. A cikin fursunonin akwai wata matashiya, Rose Lokissim. Tana tsare, ba ta da komai, sai ta riƙa rubuta sunayen waɗanda ake azabtarwa da waɗanda suka mutu a kan guntayen takardu, tana fitar da su a ɓoye don danginsu su sani. Aka gano, aka kashe ta a 1986. Wani fursunan, Souleymane Guengueng, ma'aikacin lissafi ne kawai. Da ya fito a 1990, ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya, ya tara shaidar ɗaruruwan mutane ya adana. A 2001 aka tarar da tulin takardun DDS a tsohon ofishinta, har da na tuhumar Rose. Ranar 30 ga Mayu 2016, kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Shekara 30 ke nan bayan kisan Rose, ba ta gani ba. Ba zan ɓoye muku wannan ba, don kada ku ɗauka gaskiya tana biyan mai ita da wuri.

Shi kuma alheri, ina ruwansa da wannan yaƙi?

Yaron da kowa ke kora shi ne mafi sauƙin saye. A sansanin Minawao akwai yaran da tun 2013 aka haife su cikin gudun hijira, akwai kuma 'ya'yan tubabbun 'yan Boko Haram da suka bi ta cibiyar karɓar tubabbu ta garin Meri suka dawo cikin jama'a. Yaro bai zaɓi ubansa ba. In kun ce masa "ɗan Boko", kuka tashi daga tabarma da zarar ya zauna, kun rage wa mai ɗaukar mayaƙa rabin aiki. Aya ta 34 a Suratu Fussilat ta ce a tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau. A ajinmu akwai yarinyar da ta yi wata biyu ba mai zama kusa da ita. Ranar nan wata 'yar talla ta jawo allonta ta koma gefenta, ta raba ƙosanta biyu ta miƙa mata rabi. Yanzu su huɗu ke zama a layin.