Sake shata iyakokin mazaɓu: amsoshin tambayoyin da ba sa ƙarewa

Duk lokacin da aka fara maganar sake shata iyakokin mazaɓu, tambayoyi iri ɗaya ne suke zuwa mini, kuma yawancinsu daga bakin mutanen da ba su ko duba daftarin taswirar da suke kuka a kai ba. Na tattara su a nan domin in huta da maimaici.

Me ake nufi da sake shata iyakokin mazaɓu?

Ana nufin sake zana layin da ya nuna mutanen da za su zaɓi ɗan majalisa guda tare.

Me ya hana a bar iyakokin yadda aka same su?

Mutane ba sa zama wuri ɗaya. Birane suna cika, ƙauyuka suna raguwa, kuma idan wata mazaɓa ta ninka maƙwabciyarta a yawan jama'a alhali kowacce wakili ɗaya take da shi, to ƙuri'ar mutumin babbar mazaɓar rabin nauyi take da shi. Shi ya sa ake ɗaura aikin a kan ƙidayar jama'a. Amurka tana yi bayan ƙidayar da take gudanarwa duk shekara 10, kundin tsarin mulkin Kenya ya ce tsakanin shekara 8 zuwa 12, na Najeriya kuwa ya ce hukumar zaɓe ta sake duba rabon mazaɓu bayan tazarar da ba ta gaza shekara 10 ba.

Ni ba ɗan siyasa ba ne, to ina ruwana?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, amma bari in amsa da lissafi. A ɗauka wani yanki yana da masu zaɓe 300, guda 180 na jam'iyya ta ɗaya, 120 na ta biyu, za a kuma raba su mazaɓu uku masu mutum ɗari-ɗari. Idan aka warwatsa mutum 120 ɗin nan arba'in-arba'in, ba za su ci kujera ko ɗaya ba. Idan kuma aka cusa mutum 100 na jam'iyya ta ɗaya a mazaɓa guda, sauran biyun za su zama 60 da 40, marasa rinjaye su kwashe kujeru biyu. Babu wanda ya sauya ra'ayi, babu wanda ya saci akwati, layi kawai aka gusar. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a 1812 gwamnan jihar Masacusets a Amurka, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan taswirar da wata mazaɓa a cikinta ta karkace har aka kamanta ta da halitta mai siffar ƙadangare, kuma daga sunansa aka samo kalmar da Turawa suke kiran wannan maguɗi da ita har yau.

Na ji labarin ne bayan an kammala, yanzu me zan yi?

Ihu ne bayan hari. Irin wannan aiki yana da wa'adi, kuma wa'adin gajere ne. A zagayen da Birtaniya ta yi tsakanin 2021 da 2023, an ba jama'a mako 8 su yi sharhi a kan daftarin farko, sannan mako 6 na zagaye na biyu wanda ya haɗa da zaman sauraron ra'ayi, sai mako 4 a kan daftarin da aka gyara. Wanda bai yi magana a cikin waɗannan makonni ba, da hannunsa ya rufe bakinsa. Ku nemi jadawalin hukumar da take shata iyakokin tun ranar da aka sanar da fara aikin.

Daftarin ya raba unguwarmu gida biyu. Me zan rubuta domin a haɗe mu?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da ko'ina, domin dokokin ƙasashe sun bambanta ƙwarai. Da farko a gano iyakar sassaucin da doka ta ba hukumar wajen yawan jama'a. A Birtaniya, ban da 'yan mazaɓun tsibirai da aka keɓe, ba a yarda mazaɓa ta kauce wa matsakaicin adadi da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba, wanda a zagayen baya ya zama tsakanin masu zaɓe 69,724 da 77,062. A Kanada sassaucin ya kai kashi 25, a Kenya kuwa kashi 30, har 40 a birane da yankuna masu ƙarancin jama'a. Inda igiyar take da tsauri, komai gaskiyar kukanku, hukumar ba za ta iya dawo da rabin unguwarku ba sai ta cire wani yanki mai kusan yawan jama'a iri ɗaya ta kai shi wani wuri.

Saboda haka takardar da ta ce "kada a raba mu" kawai, ba ta taimaki kowa ba. Wadda ake ɗauka da muhimmanci ita ce wadda ta ambaci titi ko kogi ko iyakar gundumar da ya kamata layin ya bi, ta faɗi yankin da za a musanya, ta kuma nuna cewa lissafin mazaɓun biyu bai fita daga ƙa'ida ba. Sannan a kawo hujjar cewa ku al'umma ɗaya ce ta hanyar abubuwan da za a iya tabbatarwa, kamar makarantar da 'ya'yanku suke zuwa tare, hanyar motar da ta haɗa ku, ko ambaliyar da take damun ɓangarorin biyu a lokaci guda. Kada a kawo maganar cewa sabon layin zai cutar da ɗan takararku, domin hukumomi masu zaman kansu da yawa ba su da hurumin duba wannan, kuma faɗarsa tana rage wa sauran hujjojinku daraja.

Amma kafin a rubuta komai, ina ba da shawarar a tsaya a yi tunani ko rabuwar cuta ce da gaske. Wani lokaci ita ce, musamman idan kun zama 'yan tsiraru a mazaɓun biyu ta yadda babu ɗan takarar da zai damu da ku. Wani lokacin kuma al'umma mai yawa da aka raba tana samun wakilai biyu da kowannensu yake neman ƙuri'arta, alhali da an tattara ta wuri ɗaya, kujera ɗaya tak za ta samu. Wanne ne ya shafe ku, ya danganta da yawanku da yadda kuke kaɗa ƙuri'a, kuma ba zan iya yanke muku hukunci daga nesa ba. A tuna kuma cewa yankin da kuka ce a musanya, su ma mutane ne masu bakin magana, don haka gara ku same su tun kafin su ga sunan unguwarsu a takardarku.

Idan muka tara sa hannun mutum dubu, ai dole a saurare mu ko?

Ba dole ba ne. Zaman sauraron ra'ayi ba zaɓe ba ne, hujja ake aunawa.

Ban iya zana taswira ba, kuma ban taɓa magana gaban hukuma ba.

Kwantar da hankalinka. Ma'aikatan hukumar suna da alƙaluma da kwamfuta, abin da ba su da shi shi ne sanin cewa kogin da ya yi kama da zare a taswira ba ya ƙetaruwa da damina. Wannan sanin kai ne kake da shi, kuma rubutu mai sauƙi ya wadatar. A wasu wurare ma talakawa ne suke zana taswirar da kansu. A Amurka, jihar Kalifoniya ta kafa hukumar 'yan ƙasa mai mutum 14 bayan ƙuri'ar 2008, Mishigan ta kafa mai mutum 13 bayan ta 2018, duk don a daina ba kura ajiyar nama, wato a daina barin 'yan majalisa su zaɓi masu zaɓensu.

Idan an yi watsi da ƙorafinmu, za mu iya zuwa kotu?

Ya danganta da ƙasa. A Kenya ana da kwana 30 daga ranar wallafa hukuncin a kai ƙara babbar kotu. A Amurka, kotun ƙoli ta ce a 2019 kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙarar da ta shafi karkatar da iyaka don amfanin jam'iyya, sai dai a nemi kotunan jihohi. Ko ina ne, a ajiye kwafin takardar da aka miƙa da shaidar ranar da aka karɓe ta.

Sauya mazaɓa yana soke rajistata ta zaɓe?

A'a, sunanka yana nan. Abin da zai iya sauyawa shi ne sunayen 'yan takarar da za ka gani a takardar ƙuri'a, don haka ka duba sabuwar mazaɓarka kafin ranar zaɓe.