Tayar Tirela: A Saki Iska Kafin A Taɓa Noti

Wannan kira ne ga 'yan'uwanmu direbobin manyan motoci da yaran mota, da masu faci a shagunan banshar, wato na gyaran taya, na Jidda da Makka.

Tayar ƙaramar mota tana shan iska 32 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira psi. Ta tirela kuwa tana ɗaukar 100 zuwa 120, ga kuma faɗin ciki. In wannan iska ta kufce gaba ɗaya, tana iya ɗaga ƙato ta maka shi da bango. Mu ma'aikatan lafiya mun san irin raunin da take bari: karayar muƙamuƙi, fashewar dodon kunne, zubar jini a cikin kai. Kuma ba ta duba shekarun mutum a sana'a.

Saboda haka kafin sifana ta hau noti, a cire ƙwayar bawul, iska ta fita tas. In tayoyin tagwaye ne, a saki iskarsu duka biyun, domin wani lokaci rim ɗin ciki ya riga ya tsage, notocin nan ne kawai suke riƙe da shi. Kana kwance na ƙarshe, sai ya yo kanka da ta wajen.

Mafi haɗari shi ne rim mai zobe, wanda har yanzu ake samu a tsofaffin motoci da na aikin gine-gine. Zoben ƙarfen nan in bai zauna daidai a gurbinsa ba, ko tsatsa ta ci shi, ko an haɗa zoben wani rim da wani, yana iya ɓallewa ana tsakiyar ba da iska. Za ka ga yaro ya durƙusa, fuskarsa a kan taya, tiyo a hannu, yana ɗan ƙwanƙwasa zoben da guduma wai ya zauna. Don Allah maigidan shago, in ka ga haka ka daka masa tsawa. Ana ba da iska ne a cikin kejin ƙarfe, da doguwar tiyo mai maƙale bawul da kanta, geji na hannunka, kai kuma kana tsaye ta ɓangaren da taya ke taka ƙasa, ba ta gefen rim ba. Shagon da ya iya sayen kwamfaresa ba zai gagara sayen keji ba.

Tayar da aka yi tafiya da ita ba isasshiyar iska, wayoyin gefenta sun gaji ko da ido bai gani ba. In kana ba ta iska ka ji tana ƙas-ƙas, ko gefenta ya kumbura, tsaya nan take, ka saki iskar daga nesa.

Walda kuma, ko gasa notin da ya cije da wuta, kada a yi su taya na kan rim. Zafi yana sa roba ta fara fitar da gas daga ciki, ta iya fashewa bayan an kashe wutar, har ma in an riga an sace iskar. Dabarar nan ta yayyafa fetur a kyasta ashana don bakin taya ya kama, a bar wa masu neman kallo a TikTok.

In a hanya abin ya same ka, ko ta Madina ko ta Riyad, ka fita daga kwalta sosai, ka ja birkin hannu, ka sa waigi gaba da baya, ka ajiye alamar gargaɗi da nisa. Jak kan nutse a yashi, haka ma a kwaltar da rana ta dafa, sai da katako mai kauri a ƙarƙashinsa, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Taya da rim ɗinta sukan haura kilo 80. A mirgina ta mutum biyu. Bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 100, a tsaya a sake ɗaure notoci.

In tsautsayi ya faɗa, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997. Kada a ciccibi wanda ya bugu a kai ko wuya, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi likita ya duba, domin jinin da ke zuba a ciki yakan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna kansa.