Mene ne sufurin jama'a, kuma me ya sa sayen bas kaɗai bai isa ba?

Duk inda aka zauna ana kukan cunkoson hanya, a Garwa ne ko Marwa ko Injamena, da wuya a tashi wani bai ce maganin abin shi ne sufurin jama'a ba. 'Yan siyasa suna faɗa, gidajen rediyo suna maimaitawa, amma idan ka tsayar da mutum ka ce ya fayyace maka, yawanci amsar ba ta wuce "gwamnati ta sayo bas-bas". Bas kuwa ƙarfe ce da taya. Ana iya jera guda hamsin a filin taro a yanka ƙyalle, gari ya ci gaba da zama ba shi da sufurin jama'a.

Abin da ake nufi da sufurin jama'a shi ne tsarin ɗaukar mutane da yawa a abin hawa guda, wanda kowa ke da ikon shiga matuƙar ya biya, kuma an san hanyar da yake bi, an san kuɗinsa, an san lokacin tashinsa. Bas ce ko jirgin ƙasa ko jirgin ruwa, ta hukuma ce ko ta ɗan kasuwa, wannan duk daga baya ne. Sanin nan shi ne ginshiƙin abin. Kamar famfon unguwa ne: darajarsa ba kyan ƙarfensa ba ce, ita ce ka murɗa da asuba ruwa ya zubo, gobe ma haka, har ka daina tara jarkoki.

Idan muka auna abin da ke hannunmu da wannan ma'auni, za mu ga inda muka tsaya. Ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, yana yi wa jama'a aiki, babu mai musu, amma aikinsa haya ne: kai ke faɗa masa inda za shi, kuɗin kuma sai an yi ciniki, ya ƙaru da dare, ya ƙaru in hadari ya haɗo. Motar tasha ta fi kusa, domin tana da hanyarta kuma kuɗinta sananne ne. Abin da ba ta da shi lokaci ne. Duk wanda ya taɓa neman motar Pitowa ranar Lahadi ta kasuwa ya san wannan zama. Mota na tsaye a rana, direba ya kunna inji yana taka totur don a ɗauka yanzu za a tashi, ɗan kamasho na leƙowa ta taga yana cewa, "Hajiya, a ƙara haƙuri, saura mutum biyu." Ita kuma tana goge wa jariri gumi da bakin mayafi tana cewa, "Yaro, tun ɗazu fa mutum biyun nan suke saura." Ba ƙarya ɗan kamashon yake so ya yi ba. Mai mota ya yanka wa direba abin da zai kawo da yamma, kujerar da ta tafi babu kowa daga aljihun direban za ta fita. Muddin haka ake biyan direba, mota ba za ta tashi kan lokaci ba, sai ta cika.

Shi ya sa a wuraren da tsarin ya kafu, ana biyan mai bas ne gwargwadon nisan da motarsa ta yi bisa jadawali, ba gwargwadon kawunan da ya ɗauka ba. Kuɗin fasinja yana shiga asusu guda, daga nan a raba. Da zarar an yi haka, jiran lodi ya ƙare, tseren rige-rigen fasinja a kan titi shi ma ya ƙare.

Lokacin nan shi ne yake sauya halin gari. Malamar asibitin da za ta karɓi aiki da bakwai da rabi, da ɗalibin da ke da jarrabawa, ba za su jingina rayuwarsu da motar da ba a san tashinta ba. Don haka duk wanda ya ɗan sami sarari sai ya sayi babur, in Allah ya ƙara buɗi ya sayi mota, kuma babu mai ganin laifinsa. Sai dai titi ba ya ƙaruwa da yawan masu hawansa. Babbar bas tana iya ɗaukar mutum saba'in. Mutum saba'in ɗin nan, in aka goya su bibbiyu, babura talatin da biyar ke nan, kowanne da hayaƙinsa da ƙahonsa da kutsensa. In kowa a motarsa yake, layin sai ya yi tsawon da ido ba zai ga ƙarshensa ba. Amma idan mutum ya tabbata duk minti goma bas za ta iso bakin titinsu, ko agogo ba ya buƙatar dubawa, kuma sai ya sake lissafi kafin ya ci bashin babur.

Wani zai ce ai sai a faɗaɗa titi. A wasu wurare dole ne a yi, musamman inda gada guda ce ke ɗauke da kowa, kamar gadar Binuwai a Garwa, inda manyan motocin auduga da na kayan Cadi ke haɗuwa da masu zuwa aiki daga Bokile. Amma faɗi kaɗai ba ya warkar da cunkoso. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aikin da aka kammala a 2008, har ta zama cikin mafiya faɗi a duniya, kuma cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo. Dalilin a fili yake: hanya ta yi daɗi, waɗanda da suke haƙura sun fito da motocinsu, wasu kuma sun je sun yi gini can nesa sun dogara da ita.

A nan ne maganar "yanki" ke shigowa, wato tsarin da ba ya tsayawa a iyakar gari. Ƙidayar 2005 ta sami mutum sama da dubu 230 a Garwa, kuma duk mai ido ya ga yadda garin ya bazu tun daga lokacin, ta Jambutu, ta ƙetaren kogi, ta hanyar Gashiga da ta Pitowa. Fili ya yi tsada a tsakiya, sai mai ƙaramin ƙarfi ya fita bayan gari ya yi gini, alhali aikinsa da kasuwarsa da asibitinsa suna ciki. An buɗe jami'a a 2022, ita ma da nata jama'ar. A takarda, Garwa ƙananan hukumomi uku ce, Pitowa da Gashiga da Ngong kowacce da nata magajin gari. A ƙafar talaka kuwa duk wuri ɗaya ne, safe ya shigo, yamma ya koma. Haka yake a Ngaundere, inda jami'a ke Dang, wajen kilomita 15 daga gari. Tsakanin Kuseri da Injamena abin ya fi haka wuya, domin masu ƙetare gadar Ngeli kullum ƙasa biyu suke takawa.

Idan kowace ƙaramar hukuma ta tsara nata ita kaɗai, fasinja ne zai sha wahala: a sauke shi a iyaka, ya sake biya, ya sake jira. Don haka manyan biranen da suka yi nisa suka kafa hukuma guda mai kula da zirga-zirgar yankin baki ɗaya. Dakar ta kafa CETUD a 1997, Legas ta kafa LAMATA a farkon shekarun 2000. Aikinsu ba tuƙi ba ne. Su ke zana layuka, su ƙayyade kuɗi, su ba da kwangila, su hukunta wanda ya saɓa jadawali. Tun da aka zaɓi majalisun jihohi a Kamaru a watan Disamba na 2020, akwai teburin da magadan gari za su iya haɗuwa a kai kan irin wannan magana, in an so.

Sai kuma BRT, haruffa ukun da ake yawan ji yanzu saboda shirin da ake yi wa Duwala da tallafin Bankin Duniya. Ita ba wani sabon abin hawa ba ce. Bas ce da aka ware wa hanyarta a kan titi, aka shinge ta yadda babur ko tasi ba za su shiga ba. Fasinja yana biya a tasha tun kafin ta iso, daɓen tashar daidai yake da ƙofar bas don tsoho da mai keken guragu su shiga ba ɗagawa, a mahaɗa kuma ita ake fara bai wa hannu. Birnin Curitiba na Birazil yana cikin waɗanda suka fara, a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner. Bogota ta Kolombiya ta buɗe nata a ƙarshen 2000, Legas a Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, Dakar kuma a 2024 da bas masu aiki da lantarki a kan layin kilomita 18 daga Petersen zuwa Gediyawaye. Abin da ya ja hankalin waɗannan birane shi ne tana gudu kusan kamar jirgin cikin gari, kuɗin gininta kuma bai kama ƙafar na shimfiɗa dogo ba.

Ni dai a ganina garuruwanmu na arewa ba su kai ga buƙatar cikakkiyar BRT da tashoshin gilashi ba tukuna, kuma ina tsoron a ɗauko abin ado a bar abin amfani. Akwai darasi a gida. Kamfanin SOTUC, wanda aka kafa a 1973, ya yi shekaru yana jigilar mutanen Duwala da Yawunde da manyan bas, har aka rufe shi a 1995. An danne kuɗin shiga don sauƙaƙa wa talaka, wanda abu ne mai kyau, amma cikon da ya kamata ya fito daga baitulmali bai riƙa zuwa yadda ya dace ba. Tattalin arziki ya karye tun tsakiyar shekarun 1980, aka rage darajar sefa da rabi a Janairu na 1994, kayan gyara da ake sayowa daga waje suka ninka kuɗi, bas suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A cikin gurbin da suka bari ne babur ya mamaye Duwala. Kusan ko'ina a duniya, kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe bas ta cikin gari. Ko dai hukuma ta yarda tun farko cewa za ta riƙa cikawa kowace shekara, kamar yadda take yi wa makaranta da asibiti, ko kuma kada a fara. A ƙasarmu mai ƙurar hunturu da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, garejin gyara da ƙwararrun makanikai da rumbun kayan gyara sun fi fentin bas muhimmanci.

Akwai tambayar da ba na son a tsallake: ina 'yan kilando za su? Dubban matasa ne, da yawansu da takardun makaranta a aljihu, kowanne da bakunan da yake ciyarwa. Duk tsarin da ya ɗauke su abokan gaba ba zai yi ƙarko ba, kuma bai kamata ya yi ba. Dakar ta nuna wata hanya tun 2005, lokacin da aka haɗa masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi, aka ba su sababbin ƙananan bas bashi, da sharaɗin su bi layi su yanka tikiti. Mutanen da ke cikin sana'ar ne suka zama masu sabon tsarin. Bas ba za ta taɓa shiga lungunan Lopere ko Fulɓere ba, balle unguwannin da damina ke yanke wa hanya. Babur ne zai ɗauko mutum daga ƙofar gida ya kai shi tasha, tafiya gajera, man da za a ƙona kaɗan, haɗari kaɗan. Su kansu 'yan kilando sun ɗanɗana raunin sana'ar a 2023, da Najeriya ta cire tallafin fetur farashin zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri, ya yi tsalle, fasinja na ƙorafi, mai babur na ƙorafi, babu wanda ya ci riba. Wanda ya koma direban bas ko mai yankan tikiti ko makanike yana da albashin da ya sani a ƙarshen wata.

Waɗanda suka fi kowa jiran wannan tsari ba su cika magana a taro ba. Mace mai tsohon ciki da za ta je awo, tana zaune a karkace bayan babur a kan hanya mai ramuka. Dattijon da ƙafarsa ba ta iya ɗagawa ta haye sirdi. Uwar da ke aza yara uku a babur guda kowace safiya, ƙaramin a kan tanki, ta tsaya tana bin su da addu'a har su sha kwana. Matan da ba sa son goyon namijin da ba muharraminsu ba, don haka suka haƙura da fita gaba ɗaya. A wurin waɗannan, rumfa mai inuwa a tasha da fitila da dare da gefen titi na masu tafiya a ƙasa duk cikin sufurin jama'a suke, domin kowane fasinja da ƙafa yake fara tafiyarsa.

Abin da za a iya somawa da shi ba ya buƙatar bashin ƙasashen waje. Layi biyu ko uku a kan manyan hanyoyin da kowa ya san su ne jijiyar gari, ɗaya daga ƙetaren gada zuwa babbar kasuwa, ɗaya zuwa Pitowa, da bas matsakaita masu tashi kan lokaci ko sun cika ko ba su cika ba, tun daga asuba har bayan isha'i. Sai kuma fili. Gefen hanyoyin Gashiga da Pitowa da Ngong har yanzu akwai sarari a wurare da dama, kuma yau hukuma za ta iya shata inda hanyar bas da tashoshinta za su zauna, ta hana gini a kai. Idan aka bari shaguna da gidaje suka cike wurin, sai an biya diyya an rushe wa mutane muhalli kafin a sami faɗin mita bakwai da bas biyu za su gifta juna.