Fosbayotik Daga Dusa da Ɓawon Rogo: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne fosbayotik, kuma me ya raba shi da furobayotik?

Furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai, irin waɗanda ke cikin kindirmo. Fosbayotik kuwa, a ma'anar da ƙungiyar masana ta ISAPP ta fitar a 2021, shi ne ƙwayoyin da aka kashe, ko sassan jikinsu, muddin suna amfanar lafiyar mai cin su. Da yake matacce ne, ya fi jure ajiya ba tare da firji ba, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai kiwo a Zariya da ke sa shi a abincin dabbobinsa cikin zafin Afrilu.

Yaya ake samun sa daga ragowar amfanin gona?

Ana jiƙa dusar masara ko ta alkama, ko niƙaƙƙen ɓawon rogo, yadda idan an dunƙula a hannu za ta haɗe amma ruwa ba zai ɗiga ba. Sai a turara ta a zafin digiri 121 na ma'aunin Celsius domin kashe sauran ƙwayoyin da ke cikinta, idan ta huce a barbaɗa mata tsabtataccen irin funfuna, kamar Aspergillus oryzae, wadda mutanen Japan suka daɗe suna tsima waken soya da ita. Cikin 'yan kwanaki farin zare kamar auduga yake lulluɓe dusar, funfunar tana narkar da sassanta masu tauri tana gina jikinta da su. Daga nan a kashe ta da zafi, a busar, a niƙa.

Me ake nema a ciki?

Musamman beta-gulukan, wani sinadari da ke bangon ƙwayar funfunar, wanda ake dangantawa da ƙarfafa garkuwar jiki. Masu haɗa abincin kaji sun ƙara mayar da hankali kan irin wannan tun da Tarayyar Turai ta haramta sa antibayotik don ƙibar dabbobi a 2006.

To, dusar da ta yi funfuna a cikin buhu ita ma fosbayotik ce?

Ko kusa, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci. Aspergillus flavus, wadda ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, 'yar'uwar Aspergillus oryzae ce ta jini, amma tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kawarwa. A 1960 garin gyaɗa mai wannan guba ya hallaka talotalo kusan 100,000 a Ingila. Ido ba ya bambance waɗannan funfuna biyu da tabbaci, don haka mai son gwada wannan aiki ya fara tuntuɓar masana a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, dusar da ta yi kore-kore kuma a zubar da ita.