Zaɓen Majalisar Dokokin Kebek na 1976

An gudanar da zaɓen majalisar dokokin lardin Kebek na ƙasar Kanada ranar 15 ga Nuwamba 1976. Shi ne zaɓen da ya fara ɗora jam'iyyar Parti Québécois, wadda ake taƙaita da PQ, a kan mulki, jam'iyyar da aka kafa a 1968 da burin Kebek ya zama ƙasa mai cin gashin kanta. Ƙarƙashin jagorancin René Lévesque ta lashe kujeru 71 cikin 110, ta kayar da gwamnatin jam'iyyar Liberal ta Firimiya Robert Bourassa, wato shugaban gwamnatin lardin.

Kafin zaɓe

Kebek ne kaɗai lardin Kanada da masu jin Faransanci suka fi rinjaye a cikinsa, kuma batun harshe bai taɓa barin siyasarsa ba. A zaɓen 1973 Liberal ta kwashe kujeru 102, PQ ta tashi da 6 kacal, duk da ta samu kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u. Lévesque kansa bai ci mazaɓarsa ba, kamar yadda ya sha kaye a 1970.

Cikin shekara uku wannan rinjaye na Liberal ya zagwanye. Dokar harshe ta 1974, wadda aka fi sani da Doka ta 22, ta mai da Faransanci harshen hukuma shi kaɗai, amma ba ta gamsar da kowa ba. Masu jin Ingilishi da baƙin da suka yi ƙaura zuwa lardin sun fusata da jarrabawar da aka gindaya wa yara kafin su shiga makarantun Ingilishi, masu kishin Faransanci kuwa suka ce dokar ba ta da haƙora. Ga yajin aikin ma'aikata, ga binciken almundahana a ƙungiyoyin ma'aikatan gini, ga ɗimbin bashin da wasannin Olamfik na Montreal suka bari a 1976. Duk da haka Bourassa ya kira zaɓe tun wa'adinsa bai cika ba, yana cewa yana neman sabon goyon bayan jama'a don ya fuskanci Firayim Minista Pierre Trudeau kan batun tsarin mulkin Kanada.

Dabarar PQ

Abin da ya fi taimaka wa PQ shawara ce da ta yanke a babban taronta na 1974, bisa ra'ayin Claude Morin: cin zaɓe ba zai zama izinin ɓallewa ba, sai an gudanar da ƙuri'ar raba gardama daban. Wannan ya ba mai tsoron rabuwa da Kanada damar korar Bourassa ba tare da ya ji ya sayar da ƙasarsa ba. Saboda haka yaƙin neman zaɓen PQ ya karkata ga gwamnati mai gaskiya da tsabtace kuɗin siyasa. Liberal ta dage kan tsoratar da mutane da 'yan aware, makamin da ya yi mata aiki a 1973, amma a wannan karon ya dushe.

Sakamako

Kusan kashi 85 cikin ɗari na masu rajista sun fita zaɓe. PQ ta samu kimanin kashi 41, Liberal kashi 34 da kujeru 26. Jam'iyyar Union Nationale ta Rodrigue Biron, wadda ba ta ci ko kujera ɗaya ba a 1973, ta farfaɗo da kashi 18 da kujeru 11, har da ƙuri'un wasu masu jin Ingilishi da suka yi wa Liberal tawaye saboda Doka ta 22. Sauran kujeru biyun Camil Samson da Fabien Roy ne suka ci su a ƙarƙashin ƙananan jam'iyyu.

A tsarin zaɓen Kebek wanda ya fi yawan ƙuri'a a mazaɓa shi ke cin kujera ko bai kai rabi ba. Rarrabuwar ƙuri'un masu son zama cikin Kanada ita ta mai da kashi 41 ya zama kusan kashi biyu cikin uku na kujeru.

Lévesque ya ci mazaɓar Taillon. Bourassa kuwa ya faɗi a tasa mazaɓar ta Mercier, kuma wanda ya kayar da shi, marubucin waƙoƙi kuma ɗan jarida Gérald Godin, yana cikin ɗaruruwan mutanen da aka tsare a rikicin Oktoba 1970, wanda ya ɓarke bayan wasu 'yan aware masu ɗauke da makamai sun sace manyan jami'ai, lokacin Bourassa na firimiya. Bayan zaɓen Bourassa ya sauka daga shugabancin jam'iyya, bai sake hawa mulki ba sai 1985.

Abin da ya biyo baya

An rantsar da Lévesque ranar 25 ga Nuwamba. A 1977 gwamnatinsa ta kafa Doka ta 101, wadda Camille Laurin ya jagoranta, ta tilasta Faransanci a wuraren aiki da allunan kasuwanci da makarantun 'ya'yan baƙi. A shekarar kuma ta hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba jam'iyyu gudummawar kuɗi.

An cika alkawarin ƙuri'ar raba gardama ranar 20 ga Mayu 1980. Masu cewa a'a suka samu kusan kashi 60, masu cewa e kimanin kashi 40, wato kusan daidai da abin da PQ ta samu a 1976. A zaɓen 1981 mutanen Kebek suka sake zaɓen PQ, da kujeru 80 cikin 122.